Ingila ta ci wasa uku cikin huɗu, me ya sa ta koma gida? Yadda gasar kurket ta T20 ta mata take tafiya

Tambaya: Na fara bin wasan kurket na mata tun da 'yan matan Najeriya suka doke Niyu Zilan a Maleshiya, amma gasar kofin duniya ta T20 ta manya tana rikita ni. A ta 2024 Ingila ta ci wasa uku cikin huɗu aka ce ta tattara ta tafi, alhali Afirka ta Kudu, wadda Ingilar ta doke, ita ce ta wuce. Yaya ake wannan lissafi? Kuma ta wace hanya manyan 'yan wasan Najeriya za su shiga gasar?

Amsa: Malama, ba a zalunci Ingila ba. Ƙasashe uku ne a rukuninta suka gama da maki shida-shida, gurbi kuwa biyu ne kawai, sai aka koma ga ma'aunin da ake rubutawa NRR a teburin gasa, nan ne Ingila ta zo ta uku. Amma kafin wannan ma'auni ya zauna miki, sai kin riƙe yadda ake ƙirga wasan kansa, domin duk lissafin daga can ya taso.

Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 11. Ɗaya tana duka, ɗaya tana jifa da tsaron fili, sannan a juya. Jifa shida halattattu su ne oba ɗaya, kuma a T20 kowace ƙungiya tana da oba 20, wato jifa 120. Masu duka biyu ne a fili a kowane lokaci, ɗaya a kowane ƙarshen zirin tsakiya mai tsawon mita 20.12. Idan aka doki ƙwallo suka yi musayar wuri, an samu gudu ɗaya. Idan ƙwallon ta gangara har ta taɓa igiyar iyaka, gudu 4 ne. Idan ta tsallake igiyar a sama ba ta taɓa ƙasa ba, gudu 6. Ana fitar da mai duka idan jifa ya ture turakan nan uku da take karewa, ko aka cafe ƙwallon da ta doka kafin ta faɗi ƙasa, ko ta tare ƙwallon da ƙafa a gaban turaka, ko aka buge turakan tana wajen layi. Da an fitar da mutum 10 zangon ƙungiyar ya ƙare, ko da oba ta rage.

To idan kika ga an rubuta 158/5, ma'anarsa gudu 158, an fitar da mutum 5. Gidajen talabijin na Ostareliya su kan juya shi su rubuta 5/158, kada ya ruɗe ki. Idan wadda ta fara duka ce ta yi nasara, sai a ce ta ci da gudu kaza, wato ratar da ke tsakaninsu. Idan mai bin baya ce ta cim ma adadin, sai a ce ta ci da wikit kaza, wato yawan masu dukan da ba a fitar mata ba.

Ma'aunin da ya kori Ingila

A gasar 2024 ƙasashe 10 ne, rukuni biyu na biyar-biyar. Nasara maki 2, wasan da ruwa ya hana maki 1 ga kowa, biyun farko a kowane rukuni su wuce wasan kusa da na ƙarshe. Idan maki da yawan nasara suka zo ɗaya, NRR ake dubawa kafin a tambayi wa ya doke wa.

Ga yadda ake fitar da shi. Ki tara duk gudun da ƙungiya ta yi a wasannin rukuni, ki raba da yawan obar da ta fuskanta. Sannan ki tara duk gudun da aka yi a kanta, ki raba da yawan obar da ta jefa. Ki cire na biyu daga na farko. Abin da ya rage shi ne NRR. A jimlace ake yinsa, ba wasa-wasa sannan a ɗauki matsakaici ba, kuma masu yin lissafin a gida sun fi faɗawa rami biyu. Na farko, 18.3 a allon kurket ba lissafin makaranta ba ne: oba 18 ce da jifa 3, kuma tunda jifa shida ne oba, a wurin rabawa 18.5 za ki sa. Na biyu, ƙungiyar da aka fitar da ita kakaf ana ɗora mata oba 20 cif, ko da a ta 15 ta ƙare. Wadda ta yi gudu 90 aka gama da ita a oba 15 ba 6.0 za a rubuta mata ba, 4.5 ne. Wannan doka ce take hana ƙungiya ta yi ta dukan kan mai uwa da wabi don ta kumbura ma'auninta.

Yanzu ki dubi rukunin. Afirka ta Kudu ta doke Wes Indis (haɗakar ƙasashen Karebiyan), Ingila ta doke Afirka ta Kudu, Wes Indis ta doke Ingila. Kowacce ta cinye Bangladesh da Sikotlan. Sai magana ta koma kan girman nasara. Afirka ta Kudu ta ci Wes Indis ba tare da an fitar mata da ko mutum ɗaya ba, ta kuma ci Sikotlan da gudu 80. Ingila kuwa gudu 21 kacal ta ba Bangladesh rata, kuma nasararta a kan Afirka ta Kudu sai da ta kai oba ta ƙarshe. Babban cin da ta yi wa Sikotlan, inda ta gama cikin oba 10, shi ne ya ɗaga ta. A wasan ƙarshe na rukuni a Dubai ta yi 141/7, Wes Indis ta cim mata cikin oba 18. A wannan wasa kaɗai Wes Indis tana gudu 8 a kowace oba, Ingila 7.05, kuma wannan kayen ne ya ja ma'aunin Ingila ƙasa da na Afirka ta Kudu.

Ruwa dai ba ya tsami banza. A daren nan 'yan Ingila sun saki ƙwallo biyar da ya kamata su cafe, Hayley Matthews da Qiana Joseph na Wes Indis suka haɗa gudu sama da 100 kafin a raba su, kyaftin Heather Knight kuma ta ji ciwo a ƙafa tun tana duka, ba ta fito tsaron fili ba. An yi ta maganar fitilun filin Dubai, waɗanda aka jera su zobe a bakin rufi maimakon a kan dogayen turaku, cewa ƙwallon da ta tashi sama tana ɓacewa cikin haskensu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma kowa a ƙarƙashin fitilun nan ya yi wasa.

Darasin da masu horarwa ke ɗauka a nan mai sauƙi ne: a gasar da wasan rukuni huɗu ne ko biyar, idan ƙaramar ƙungiya ta ajiye miki 100, kada ki bi shi a hankali har oba 18 don kawai nasara ta tabbata. Haka idan kin ga za ki sha kaye, ki ja wasan har ƙarshe, kada ki bari a fitar da ku duka.

Ruwan sama

Shi ma ya taɓa korar Ingila, kuma wancan karon ta fi cancantar a tausaya mata. A 2020 a Sidni, wasanta na kusa da na ƙarshe da Indiya ko jifa ɗaya ba a yi ba. Ba a ware ranar maye gurbi ba, doka kuma ta ce wadda ta zo ta ɗaya a rukuninta ita ke wucewa. Indiya ta wuce a zaune. Surutun da ya biyo baya ne ya sa daga gasar 2023 aka riƙa ware wa wasannin kusa da na ƙarshe da na ƙarshe ranar ko-ta-kwana.

Kafin a ce wasa ya ba da sakamako, sai kowace ƙungiya ta samu aƙalla oba 5 a matakin rukuni, oba 10 a wasannin sili ɗaya ƙwale. Idan ruwa ya datse wasa a tsakiya, ana sake yanka adadin da za a bi da tsarin DLS. Tsarin yana kallon abu biyu a matsayin jari: obar da ta rage da masu dukan da ba a fitar ba. Shi ya sa ba rabon kai tsaye ake yi ba. A wannan daren na Sidni, bayan ruwa ya tsagaita, Ostareliya ta yi 134/5 a oba 20, wato 6.7 a kowace oba. Aka rage wa Afirka ta Kudu zuwa oba 13 aka ce ta nemo 98, wato kusan 7.5 a kowace oba. An ɗaga mata saurin ne saboda tana da mutanenta 10 cif da za ta kashe a ɗan gajeren zango, tana iya yin kasada fiye da wadda ta yi tanadin oba 20. Ta tsaya a 92, ta faɗi da gudu 5. Kyaftin mai hankali idan ta ga hadari tana bin baya, takardar DLS take dubawa bayan kowace oba, domin fitar mutum ɗaya kan iya ɗaga adadin da ake bukata nan take.

Idan kuwa aka yi kunnen doki, ana ƙara oba ɗaya ga kowane ɓangare, wadda ta fi gudu ta ci.

Inda wasan mata ya bambanta, da abin da hakan ke jawowa

Zirin tsakiya da turaka duk ɗaya ne da na maza. Ƙwallon ce ta fi ƙanƙanta: gram 140 zuwa 151, ta maza kuwa 155.9 zuwa 163. Igiyar iyaka tana tsakanin mita 54.86 da 64 daga tsakiyar ziri. Da'irar ciki da ake zanawa kewaye da zirin mita 23 ce, ta maza 27.43. Minti 75 ake ba ƙungiya ta gama obarta 20, kuma tun 2022 wadda ta makara ba ta fara obar ƙarshe a kan lokaci ba ana tilasta mata ta dawo da mai tsaro ɗaya cikin da'ira.

Bambancin da ya fi tasiri, wanda masu kallo da yawa ba sa lura da shi, shi ne yawan masu tsaron da aka yarda su tsaya wajen da'ira. A oba shida na farko, waɗanda masu sharhi ke kira fawafile, mutum biyu ne kawai, maza da mata. Bayan nan maza suna fitar da biyar, mata huɗu. Mutum huɗu ba za su rufe bakin fili ba, dole a bar wani gefe a buɗe. Saboda haka kyaftin da mai jifa sai sun yi shawara kafin kowace oba: wane gefe za mu bari, kuma ina za a ajiye ƙwallon don kada a doka ta can. Idan an bar bayan mai duka ta ɓangaren ƙafa babu kowa, mai jifa ta kuskura ta jefa kan ƙafa, gudu 4 ne kyauta. Yawancin abin da ake gani kamar gwanintar mai duka, a gaskiya mai jifa ce ta saɓa wa tsarin filin da aka kafa mata. Kuma wannan ne ya sa hukuncin makara yake da zafi: mutum uku a bakin igiya a obar ƙarshe kusan buɗe ƙofa ne.

Mai jifa ɗaya ba ta wuce oba 4, don haka aƙalla mutum biyar ake bukata. Ƙungiyar da ta shiga da biyar cif ta ɗaure kanta, domin ranar da aka samu lagon ɗaya daga ciki babu inda za a ɓoye ta. Manyan ƙungiyoyi da shida ko bakwai suke shiga. Masu murza ƙwallo kuma sun fi rinjaye a wasan mata. Masu jifan ƙarfi kaɗan ne ke kai wa kilomita 120 a sa'a. Shabnim Ismail ta Afirka ta Kudu, wadda ta haura 130 a gasar WPL ta Indiya a 2024, daban take. Idan ƙwallo ta zo a hankali tana juyawa, mai duka ce za ta samar da duk ƙarfin da kanta, kuma a ziri mai sanyin tashi irin na Sharja a 2024, gudu 120 ma kan isa a kare. Raɓa tana juya wannan lissafi. A wasan dare idan ciyawa ta jiƙe, ƙwallo kan yi santsi, mai murzawa ta kasa riƙe ta da kyau, sai bin baya ya fi sauƙi. Abin da kyaftin ke aunawa ke nan lokacin jefa kwabo.

Idan kina son ki gane inda wasa ya dosa tun kafin allo ya nuna, ki ƙirga jifan wofi, wato wanda ba a samu ko gudu ɗaya a kansa ba. Ƙungiyar da ta bar jifa 55 ko 60 cikin 120 suka wuce haka, ko ta yi ta zuba huɗu-huɗu, da wuya ta kai adadi mai tsoratarwa. Uku ko huɗu a jere kuma su ne ke tunzura mai duka ta ɗaga ƙwallo sama a cafe. Sai kyautar gudu: jifan da ya baude nesa da mai duka gudu ɗaya ne kuma a sake shi, wanda mai jifa ta taka layi shi ma haka, ƙari da cewa jifa na gaba dukan kyauta ne, ba a fitar da mai duka a kansa sai ta hanyar gudu ko makamancinsa.

Ƙananan abubuwa irin waɗannan sun sha yanke manyan wasanni. A wasan ƙarshe na 2010 a Barbados, Ostareliya 106 kawai ta yi. Niyu Zilan tana neman 5 a jifan ƙarshe, 4 kuma zai kawo kunnen doki. Sophie Devine ta maka ƙwallon miƙe, Ellyse Perry da ta jefa ta miƙa ƙafa ta tare, gudu ɗaya aka samu, Ostareliya ta ɗauki kofi da ratar 3. A 2023 a Kef Tawun, Indiya tana kan hanyar wuce 172 ɗin Ostareliya, Harmanpreet Kaur tana da 52, tana dawowa gudu na biyu sai katakon dukanta ya cake a ƙasa taku kaɗan kafin layi, ƙafarta kuma tana sama. Aka buge turaka, Indiya ta faɗi da gudu 5. Abin da ake koya wa yara tun ranar farko shi ne a kwantar da katakon a ja shi a ƙasa tun daga nesa, kada a dasa shi a tsaye.

Su wa suka ci

Wasan T20 na ƙasa da ƙasa na farko a duniya na mata ne, Ingila da Niyu Zilan a Hove, a watan Agustan 2004, watanni kafin maza su yi nasu. Gasar kofin duniya ta fara a 2009 da ƙasashe 8, Ingila ta ci a gida a filin Lord's. Ostareliya ta ɗauka sau uku a jere, 2010, 2012 da 2014, shekarar da aka ƙara ƙasashe zuwa 10. Wes Indis ta katse ta a Kolkata a 2016, ranar da Hayley Matthews tana da shekara 18 ta yi 66. Har zuwa lokacin ana haɗa gasar da ta maza, wasan ƙarshe na mata ya zama kamar share fage a fili ɗaya. A 2018 aka raba ta ta tsaya da ƙafarta, Ostareliya kuma ta sake jera uku: 2018, 2020, 2023. Na 2020 shi ne wanda mutum 86,174 suka cika filin Melbon ranar 8 ga Maris, Ostareliya ta yi 184/4 ta fitar da Indiya a 99, kwanaki kaɗan kafin korona ta rufe filayen wasa.

Shida cikin tara na farko ba sa'a ba ce. Ostareliya ta buɗe gasar ƙungiyoyinta ta cikin gida, WBBL, tun 2015, ta kuma mai da 'yan wasan jihohi masu albashi, ba 'yan ƙungiyar ƙasa kaɗai ba. Sakamakon shi ne wadda ke duka a lamba 8 a wurinsu za ta iya zama ta 4 a wata ƙasa, kuma rabin ƙungiyar suna duka suna jifa. Idan aka fitar musu da uku da wuri ba sa rage gudu, saboda akwai na baya. Meg Lanning ta jagoranci huɗu daga cikin kofunan, kuma 126 da ta yi wa Ailan a 2014 ya daɗe yana matsayin mafi yawa da mutum ɗaya ya yi a gasar.

Gasar 2024 a Bangladesh aka shirya ta, rikicin siyasar ƙasar ya sa aka mai da ita Hadaddiyar Daular Larabawa. Afirka ta Kudu ta fitar da Ostareliya da wikit 8, sannan ta faɗi a wasan ƙarshe karo na biyu a jere. Niyu Zilan, wadda ta shigo gasar bayan shan kaye 10 a jere, ta yi 158/5 ta tsayar da ita a 126/9. Amelia Kerr ta yi gudu 43 ta fitar da mutum 3, kyaftin ɗin da ta ɗaga kofin kuwa Sophie Devine ce, wadda ƙafar Perry ta hana shekara 14 da suka wuce. Sun karɓi dala miliyan 2.34, alhali wadda ta ci a 2023 miliyan 1 ta samu, bayan hukumar kurket ta duniya, ICC, ta yanke a 2023 cewa za a daidaita kuɗin kyautar maza da mata. Ga gasar 2026 a Ingila aka ƙara ƙasashe zuwa 12, rukuni biyu na shida-shida, aka kuma sa wasan ƙarshe a Lord's inda aka faro.

Hanyar Najeriya

Ƙofa uku ce. Mai masaukin baƙi tana shiga kai tsaye. Waɗanda suka yi kyau a gasar da ta gabata, da waɗanda ke sama a jadawalin ICC a ranar da aka tsayar, su ma haka. Ragowar gurabe sai ta gasar share fage ta duniya: gurbi 2 ne a 2024, waɗanda Siri Lanka da Sikotlan suka samu a Abu Dabi, aka mai da su 4 don gasar 2026.

Kafin a kai can sai an fito daga Afirka. Nahiyar tana da mataki biyu. Na ƙasa yana tura waɗanda suka yi fice zuwa na sama, inda ƙasashe 8 ke neman gurbi 2. A Disambar 2023 a Entebbe, Najeriya tana cikin takwas ɗin, Zimbabuwe da Yuganda ne suka wuce, kuma dukansu ba su tsallake Abu Dabi ba. Har zuwa gasar 2024 babu wata ƙasar Afirka da ta taɓa buga gasar manya in ban da Afirka ta Kudu. Wato aikin hawa biyu ne: a fara shiga gaban Yuganda, Namibiya, Tanzaniya da Ruwanda a kai a kai, sannan a je a kara da irin su Ailan, Sikotlan, Tailan da Holan.

Abin da ya buɗe wa ƙananan ƙasashe hanya shi ne shawarar ICC cewa daga 1 ga Yulin 2018 duk wasan T20 tsakanin mambobinta mata wasan ƙasa da ƙasa ne cikakke, yana shiga jadawali. Shi ya sa gasar Kwibuka ta Ruwanda da gasar gayyata da ake yi a filin Tafawa Balewa a Legas suke da nauyi. Shawarar ta kuma tona girman ratar da ke akwai. A Kwibuka ta 2019 an fitar da Mali duka a gudu 6, Yuganda kuma ta zuba mata 314. A 2023 Ajantina ta yi wa Chile 427, kuma 64 daga ciki na taka layi ne. Wani abin da ya faru a share fagen Afirka na 2021 a Gaborone ya cancanci kowace mai horarwa ta sani: Maeva Douma ta Kamaru, tana da shekara 16, ta fitar da 'yan Yuganda huɗu ta hanyar buge turakan gefenta lokacin da abokiyar mai duka ta bar layi kafin a saki ƙwallo. Halal ne, kuma tun Oktoban 2022 an cire shi daga babin rashin da'a an mai da shi cikin dokar fitarwa ta gudu. A koya wa yara su tsaya a layi har su ga ƙwallo ta bar hannu.

Najeriya ba daga sifili take farawa ba. Manyan sun ci tagulla a wasannin Afirka da aka yi a Akara a Maris 2024, bayan Zimbabuwe da matasan Afirka ta Kudu. Wasan da ya jawo ki kuwa, na 'yan ƙasa da shekara 19 ne a Kuching ta Maleshiya a Janairun 2025: jiƙewar fili ta sa aka rage shi zuwa oba 13, Najeriya ta yi 65/6, ta tsare Niyu Zilan a 63/6. Daga baya ta doke Ailan da gudu 6. Ki lura da yadda aka ci wasannin biyu: da jifa mai tsafta da tsaron fili, a kan ƙananan adadi. Ɓangaren duka ne bai kai ba tukuna. Gudu 5 a kowace oba yana iya cin wasan yara a jiƙaƙƙen fili, amma a share fagen duniya na manya ana bukatar ƙungiyar da za ta riƙa kai 130 zuwa 140 a ziri mai kyau, ba sau ɗaya a shekara ba.

Abin da ke kawo wannan sananne ne, kuma tsada gare shi. Yarinyar da ta koyi duka a kan siminti da shimfiɗa ta saba da ƙwallon da ke tashi daidai kullum. Ranar da ta hau zirin ƙasa da ciyawa, inda ƙwallo ke tsayawa ko ta juya, sai ƙafarta ta rikice. Ana bukatar zirin ƙasa da mai kula da shi, da abin daddaɓe shi, da ruwa. Ana bukatar wasanni da ƙasashen da suka fi ƙarfi, domin mai murza ƙwallo ta Tailan ko Bangladesh ba a koyon karanta hannunta a bidiyo. Sannan a riƙe waɗannan 'yan mata tsakanin shekara 19 da 24, lokacin da karatu da aure da neman abinci ke janye mafi yawansu, ta hanyar alawus mai ɗorewa da gurbin karatu. Ƙungiyar Kuching idan ta kai shekara 24 ko 25 tare, ita ce za ta tsaya a share fagen ƙarshen wannan goman.